Mu Muka Cinye Abincin Baffanka

Aujara, cikin watan Sha'aban

Ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a Dutse daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sa aikin da ka je kamawa ya zame maka alheri. Mahaifiyarka da matarka suna gaishe ka. Gaisuwar ke nan, ba zan ƙara ba, don ba labarin gida na zauna rubuta maka ba. Raina a ɓace yake, gara ka sani tun daga farko.

Direban da zai miƙa maka takardar zai haɗa maka da kwali. Ka san shi. Kwalin garin maganin nan ne da likita ya rubuta maka saboda ciwon hantarka, wanda suke kira amino asid. Matarka ce ta zaro shi daga ƙarƙashin gado washegarin tafiyarka, an tura shi can ƙurya, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Kada ka ce mini mantuwa ka yi. Ka tuna da rediyo, ka tuna da dutsen guga, har burushin takalmi ka ɗauka. Ka bar shi ne don kada mutum ukun da za ku zauna gida ɗaya su gani su tambaye ka abin da ke damunka. Ni na haife ka, ba sai ka faɗa mini ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ranar tafiyarka ina zaune a kan dakali na ga abin da ka yi da idona. Mahaifiyarka ta yi sammako ta dafa maka ƙwai huɗu da alale marar gishiri, yadda likita ya ce. Kai kuma da ka ji sallamar masu rakiya sai ka ɗauko kwanon ka fito da shi ƙofar gida, ka ce bismillah. Mutum biyar suka sa hannu. Ɗaya har yana ƙorafin alalen lami ne, amma bai fasa lashe yatsa ba. Kai rabin ƙwai ka ci. Na so in yi magana a wurin, kunyar baƙi ta hana ni. Wannan kunyar ce zan ba ka labarinta yau, don na taɓa yin ta har ta raka mutum kabari.

Kana makarantar horon malamai lokacin da Baffanka Malam Idi, yayana, ya kwanta. Abin da aka gaya maka shi ne ciwon hanta ya yi ajalinsa. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Sauran yana cikina shekara biyar ke nan, ko mahaifiyarka ban taɓa zayyana wa ba.

Da idanun Yaya suka fara yin rawaya, ni na fara buɗe baki na ce shawara ce. Babu wanda ya tambaye ni. Ni manomi ne, ban san komai game da kayan ciki ba sai na akuya idan an feɗe, amma na shiga har tsakar gidansa na kafa wa matarsa, Innarku Rabi, doka. Kada ya ga nama, kada ya ga ƙwai, ban da nono, ban da kifi. Kunun kanwa safe da yamma, sai jiƙon saiwoyi da na karɓo a kasuwa. Haka muka ga iyaye suna yi, haka na sa aka yi. Wata huɗu bawan Allah yana shan ruwa-ruwa. Cikinsa ya riƙa tasowa kamar tulu, hannuwansa suna tsotsewa, ni kuwa sai na ce a ƙara kanwa ta wanke dattin.

Sai da ya kasa yin ruku'u sannan muka ɗauke shi zuwa asibiti a Dutse, ni da Innarku. Likitan ya duba shi, ya kama fatar damtsensa ya ja, ya ji babu komai a ƙarƙashinta, sai ya tambayi abin da yake ci. Innarku ta faɗa masa.

"Wa ya hana shi nama?" in ji likita.

Na ce ni ne.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

Na ce noma.

"To ai ka san rumbu," ya ce. "Hanta ita ce rumbun jiki. Mai lafiya in ya ci sai ta ajiye, in ya daɗe bai ci ba ta ɗebo ta ba shi. Ta Malam ta ƙanƙance, ta yi tauri, ba ta iya ajiya. In ya yi 'yan sa'o'i ba komai a cikinsa, sai jikin ya koma cin naman kansa. Ku kuma kun hana shi abin da zai mayar da naman, kun cika shi da kanwa. Ita da gishiri aikinsu ɗaya, su ke tara ruwan nan a cikinsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dutse cike take da irina, Habibu, kowa likita ne a kan jikin wani. Za ka gamu da mai cewa ka daina nama, da mai kawo maka jiƙo a jarka don yana ƙaunarka, da mai lasifika a tasha yana rantsuwa maganinsa na wanke hanta cikin kwana uku. Ka ce an gode, ka wuce. Hantarka ta gaji, kada ka ƙara mata aikin tace saiwar da ko sunanta ba ka sani ba. Ka ci wake, ka ci awara, kifi, ƙwai, naman kaza, ka sha nono da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Kafin ka kwanta ka sa wani abu a cikinka, da safe kuma kada ka kuskura ka tafi ofis ciki wayam. Ka kiyayi masu abincin sayarwa, kanwa suke jefa wa wake don ya yi saurin nuna, dunƙulen magi kuwa watsa shi kawai suke yi. Tsire da kilishi ka kalle su ka haɗiye yawu, yajinsu gishiri ne zalla. Ka sayi risho da 'yar tukunya ka dafa naka. Idan ba ka iya ba ka koya, ba ka fi ƙarfin wanke wake ba.

A zuwan nan ne likita ya rubuta wa Yaya irin garin da ke cikin kwalinka. Lokacin sai Kano aka samo shi, har maraƙi aka sayar. Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce nama da wake kamar tsabar hatsi suke, sai jiki ya surfa ya niƙa kafin ya amfana, shi kuwa garin an riga an niƙa, jiki ɗauka kawai zai yi ya gina tsoka, kuma yana taimaka wa mai ciwon kada kansa ya riƙa ruɗewa. Ya ce ba ya warkar da hanta, ba ya maye gurbin abinci, tallafi ne. Na ji da kunnena, na gyaɗa kai kamar mai hankali.

Ana kawo shi gida wani maƙwabcinmu ya karɓi kwalin a zaure, ya jujjuya shi, ya ga rubutun Turawa, ya ce shi dai ya ji ana cewa irin waɗannan da kitsen alade ake haɗa su. Ya ji ana cewa. Ko wanda ya ce bai sani ba. Ni kuma, sarkin kishin addini, na ɗauke kwalin na kai ɗakina na sa a ƙasan akwati, na ce sai na bincika, ba za a ɗura wa malami haram ina raye ba. Ban bincika ba. Yankan dawa ya kama, na shiga gona. Aujara zuwa Dutse ba Makka ba ce, da na shiga mota da safe, kafin la'asar na dawo da amsa. Wata biyu kwalin yana kwance a ƙarƙashin rigunana na Salla. Shi ya sa da aka kawo mini naka da ƙurar ƙarƙashin gado a jikinsa, haushi ya turnuƙe ni. Ka sha shi yadda aka rubuta maka, a lokacin da aka rubuta. Na san yana da ɗaci, ka daure. Kada ka raba ƙunshi ɗaya gida biyu wai kana tattali, kuma kafin ya ƙare ka aiko a gaya mini. Duk abin da ya shige maka duhu game da shi, wanda ya rubuta za ka tambaya, ba 'yan zaman benci ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba kanwa ba ce, ba kwali ba ne.

Ka san zauren Yaya. Shekara talatin bai taɓa cin abinci a cikin gida ba. Bayan magariba kowane maigida a layinmu sai a fito da akushinsa zauren Malam, a haɗa, a yi ciyayya. Mu bakwai ne har da shi. Da likita ya ce a ba shi abinci mai gina jiki, Innarku ta ɗaura ɗamara. Ta hana kajinta kwanci don ta riƙa samun ƙwai, ta rabu da tunkiyarta don a riƙa sayo kifi ranar kasuwa, ta je ta koyo yin awara da tsufanta. Kullum akushin Yaya sai ya fito zaure da ƙamshin da namu ba su da shi. Namu tuwon dawa ne da miyar kuka, jiya da yau da gobe.

Yaya kuwa ka san halinsa. Sai ya buɗe akushin, ya tura shi tsakiya, ya ce, "Bismillah, ku matso. Ni bakina ba daɗi." Ya gutsiri loma ɗaya ko biyu, ya wanke hannu, ya jawo carbi. Mu kuma mu ce, "Haba Malam, ai kai aka yi wa," muna faɗa hannunmu yana cikin akushin. Har akwai mai zuwa da ƙullin gishiri a aljihu tun da ya gane girkin lami ne. Sauran ba su je asibiti ba, ba su ji komai ba, sun ga dai gidan Malam an samu buɗi. Ni fa? Ni da na ji bayanin rumbu da kunnena, ni na fi kowa sanin daɗin kan kifin nan. Ina ce wa kaina wataƙila ya ci wani abu da rana. Da ranar ma masu dubiya ne ke shanye masa furarsa da nono, na sani sarai. Akushi ya koma cikin gida fayau, Innarku ta gani ta yi hamdala, washegari ta ƙara himma.

Da muka koma asibiti bayan wata biyu, sai da muka tallafe shi ya hau ma'auni. Likita ya dubi Innarku.

"Inna, yana cin abincin kuwa?"

"Yana ci, likita. Tas yake cinyewa, ko loma ba ta dawowa."

"A gabanki yake ci?"

"A'a, a zaure yake ci, da su Malam Sule."

Likita ya juyo ya kalle ni. "Ku nawa ne a zauren?"

Na ce mu bakwai.

Yaya daga kan gado, da 'yar muryarsa, ya ce, "Likita, ina ɗan taɓawa." Yana cikin wannan halin ma asirinmu yake rufawa. Da aka zo maganar garin na faɗi inda yake da dalilina. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Baba, ni ma salla nake yi. Ba alade a ciki. Da ka zo ka tambaye ni."

Daga nan muka fito. Ka san ni da Innarku wasa muke yi, irin na ƙanin miji da matar wa, ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. A tasha, Yaya yana kishingiɗe a cikin mota, ta matso kusa da ni, ko murya ba ta ɗaga ba, ta ce, "Malam Sule, ashe wata biyu ku nake kiwo." Daga ranar ba ta ƙara yi mini wasa ba. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu har yau, kuma ban ga laifinta ba.

Za ka zaci daga nan na gyara. Ban gyara ba. Na dai fito da kwalin aka fara dama masa. Innarku ta roƙe shi ya riƙa ci a ɗaki, ya ce shi ba zai tsufa ya koma cin abinci a ɓoye kamar ɓarawo ba, me maƙwabta za su ce. Akushi ya ci gaba da fita. Ni abin da na yi shi ne na janye hannuna na koma kan tuwona. Sauran biyar ɗin ban ce musu komai ba. Magana ce guda: jama'a, wannan magani ne, ku bar masa. Mutanen kirki ne, da sun bari, wataƙila ma da kowa ya kawo ƙwan gidansa. Amma na ji nauyin a ce ƙanin Malam ya yi wa maƙwabta rowa a zauren Malam. Na zauna ina kallo ana cinyewa, har ina jin kaina mutumin kirki don na daina ci. Idan na tuna wannan zaman nakan ji kamar in mari kaina.

Saboda haka ka saurare ni da kyau. Mutum ukun nan da kuke gida ɗaya, na san faranti ɗaya za ku riƙa sa wa hannu, haka samari ke yi. Ka tara su yau, ba gobe ba, ka ce musu kana da ciwon hanta, kwanonka daban ne, abin da ke cikinsa magani ne. Idan kana son yin kyauta ka saya musu rake ko gyaɗa, wannan ba na hana ka. Na san abin da kake tsoro. Tun da aka ƙaddamar da shari'a kowa ya zama mai sa ido, kuma mutane sun ɗauka ciwon hanta na mashaya ne. Ni ma na yi murna da shari'a, na yi kabbara har muryata ta dishe, amma ban ji inda ta ce mara lafiya ya ɓoye ciwonsa ba. Baffanka ko warin giya bai sani ba. Likita ya gaya maka a gabana cewa ƙwayar cuta ce a jini, wasu tun suna yara suke ɗauka. Wanda ya ji wannan ya ci gaba da zarginka, shi da Allah. Ban da haka ma kana buƙatar su sani. Idan barcinka ya juya, ko hannunka ya fara karkarwa, ko maganarka ta fara sauka layi, kai ba za ka gane ba, na kusa da kai ne za su gane. Ka gaya musu idan sun ga haka, ko ka yi aman jini, ko bayan gidanka ya yi baƙi, asibiti za su kai ka nan take, ba tofi za su tsaya yi maka ba.

Ga azumi nan ya ƙarato, kuma na ga take-takenka. A kan wannan ma ina da rabona na laifi. Likita ya ce wa Yaya kada ya yi azumi a shekarar. Yaya ya fi kowa sanin an sauƙaƙa wa mara lafiya, shi ke karantar da mutane babin. Amma ya ce ina zai sa fuskarsa, yana zaune yana fassara wa jama'a littafi da danshin kunu a bakinsa. Innarku ta aiko mini in hana shi, don ni kaɗai nake iya yi masa musu. Na ce ai malami ne, ya fi mu sanin abin da yake yi. Gaskiyar magana daɗi na ji, ana nuna shi ana cewa dubi yayan Sule, ciwo bai hana shi ibada ba. Ran tara ga wata yana tsakiyar karatu da hantsi ya tsaya, ya ƙura wa shafin ido, hannunsa yana kaɗawa, ya ɗago ya kira ni da sunan mahaifinmu. Muka kwashe shi zuwa asibiti. Bai ga Salla ba.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban ce da ya ci ƙwan da yana nan har yau ba, wannan sanin Allah ne. Amma masu faɗin haka har da mu shida da muka yi ƙiba a watannin da shi yake ramewa, kuma babu wanda maganar ta sarƙe a cikinmu.

Kai dai likitanka ya riga ya ce bana ba naka ba ne. Ka karɓi takarda a wurinsa ka ajiye a aljihu saboda masu sa ido. Ka je wurin limamin unguwarku ka faɗa masa, zai gaya maka abin da ke kanka na ramuwa ko ciyarwa, kuma idan ciyarwa ce akwai dawa a rumbuna. Ka ci abincinka a ɗaki, ba a bainar jama'a ba, wannan ladabi ne. Amma ka ci. Wanda ya yi maka kallon banza don ya ji ƙarar cokali da rana, ba shi zai rene mini 'ya'yanka ba.

Likita ya ce naka an gano shi da wuri, ba kamar na Yaya ba, kuma masu irinsa suna daɗewa idan sun kula da cikinsu. Ga kwali a hannunka, ga bayani ka ji. Abin da ya rage kawai shi ne ka iya cin abinci mutane suna kallo ba ka ce su matso ba. Na san da wuya, ni na koya maka kishiyar haka tun kana yaro, har dukanka na taɓa yi don ka ci rogo a bayan ɗaki ba ka kira ƙannenka ba. Yau ni ɗin ne nake ce maka ka ja kwanonka gabanka. Idan rowa ce, ni na sa ka, a rubuta a wuyana. Da hannun da na ci abincin yayana na zuba masa ƙasa, Habibu. Ba zan iya zuba wa ɗana ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa wannan ciwo ya zame maka kaffara, ya haɗa ka da abokan zama masu tausayi, ya kiyaye fitarka da shigarka. Allah ya jiƙan Baffanka, ya yafe mini. Ka ba direban amsa ya kawo mini, layi biyu ya isa: ka gaya musu, ko ba ka gaya musu ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sule